Ɗoɗɗoyar Asabe da Shaidar Zakara

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a ƙofar gidan maƙwabcina, a gaban liman da dattawan unguwa, na kafa zakara shaida ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, sai in sunkuyar da kai ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A ƙauyenmu ne, kusa da Badafi, a farkon shekarun hamsin, daminar da aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci. A farkon wannan daminar matata Asabe ta rasu. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba zan tsawaita a nan ba. Allah Ya jiƙanta.

Asabe mace ce mai son shuka. Bayan ɗakinta akwai kuɓewa da yakuwa da gauta da barkono, ga kabewa ta hau kan rumfa. Amma abin da ta fi ji da shi shi ne ɗoɗɗoyar da ke gindin randa, inda ruwa yake ɗiga. Tun daga gidansu a Dangora ta taho da irin, ƙulle a bakin zane, ranar da aka kawo ta. Idan ta gama miya, sai ta sauke tukunya tukuna, sannan ta tsinko ganyen, ta murza a tafin hannu, ta watsa. Da yamma kuma ta kan karyo reshe ta rataye a ƙofar ɗaki saboda sauro. Ni dai nawa ci ne. Ban taɓa tambayar ta yadda ake kula da ita ba.

Bayan an share makoki, 'yan'uwanta suka kwashe kayanta har da kajinta, suka bar mini zakara ɗaya da ya ƙi kamuwa. Sai ya zama a duk gidan babu wani abu mai rai da hannunta ya taɓa sai zakaran nan da shukokinta. Kowace safiya idan na yi alwala sai in juye wa ɗoɗɗoyar sauran ruwan buta. Ban taɓa cire mata ko ganye ɗaya ba. Gani nake idan na taɓa ta za ta ƙare. Haka kuma idan wani ya ɗauko maganar Asabe, sai in tashi in ba shi wuri. Mutane suka gane, suka daina.

Maƙwabcina Haruna ne, tare muka yi wasan ƙasa. Dangar kara ce ta raba gidajenmu, kuma a jikinta akwai wata 'yar kafa da mata suka yi, ta nan suke ɗibar wuta da aron taɓarya ba sai sun zagaya ta zaure ba. A gidan akwai matarsa mai tsohon ciki, da mahaifiyarsa Iya Tabawa, da ƙanwarsa Delu wadda aurenta ya mutu ta dawo gida.

A unguwarmu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da akushinsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Haruna, a ci tare. Tun da aka yi rasuwar, Haruna yake fitowa da akushi biyu, ya turo mini ɗaya. Da farko loma biyu nake yi in tsame hannu. Wata rana da na buɗe ƙwaryar miya, sai wani ƙamshi ya buge ni, irin wanda na sani. Na ci tuwon nan tas, har na suɗe hannu. Haruna ya dube ni ya kau da kai. Daga ranar na koma cin abinci.

Da a nan na tsaya, da na zauna lafiya.

Wata safiya ina zuba wa ɗoɗɗoyar ruwa, sai na ga babu kawunanta. Kowane reshe an cire masa tsinin sama. Na fara zargin akuya, amma akuya ba ta ci da tsari haka, kuma ba ta taɓa yakuwar da ke kusa ba. Na duba da kyau, sai na ga da farce aka tsinke. Na bi ƙasa da kallo, ga sawun ƙafar mace daga gindin randa har bakin kafar danga. Bayan 'yan kwanaki sababbin kawuna suka fito, na dawo daga gona na tarar su ma an tsinke.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato ana jira in saɓa fartanya in fita, a shigo a yi wa abin da ya rage mini ɓarna. Sai kuma wani tunanin ya biyo baya: ƙamshin nan da nake ji a miyar gidan Haruna, ashe daga gidana yake fita ya dawo mini.

Ranar nan na je aski wurin Ɗanjuma wanzami, a gindin tsamiya. Ɗanjuma mutum ne da ba ya iya riƙe aska bakinsa a rufe.

"Kai, gwauro, har ka fara ƙiba," in ji shi. "Tuwon gidan Haruna ya karɓe ka."

Ban san abin da ya kai ni ba, na kwashe labarin na gaya masa. Ya ɗaga askar daga kaina, ya leƙo fuskata.

"Ganyen gidanka? Shukar marigayiya? Kuma a abincinka ake saka maka?"

"A nawa dai nake jin sa."

"Hmm." Ya goge aska a tafin hannu. "Ni wanzami ne, ban ce komai ba. Amma mutum ga gona, ga rumbu, ga ɗaki babu kowa, ga bazawara a bayan danga... Ai in ana son a juyo da hankalin mutum, da abin da ya saba da shi ake haɗawa. Ni fa ban ce komai ba."

(Wanda ya ɗora maka aska a ka, ba ka cika yi masa musu ba. Wannan ne kaɗai uzurina, kuma na san ba shi da ƙarfi.)

Tun daga ranar komai ya zame mini alama. Delu ta leƙo ta danga ta ce, "Ina kwana, maƙwabci, ya ƙarin haƙuri?" sai na ce a raina, ji muryar da ta yi. Na ga ta yi lalle har wuyan hannu, na ce to, an fara. Na ga ta ɗaura sabon kallabi, na ce wa ake yi wa? Ko dariya na jiyo daga gidan sai in tsaya cak da buta a hannu, in ce da ni ake. Ni da ko wankin rigata ban iya ba, wai ni ake farauta.

Amma ban so in zalunci kowa ba, sai na ce bari in gwada. Da magariba na ce wa Haruna cikina yana murɗa, zan shiga da akushin ciki in ci daga baya. Da gari ya waye na juye wa zakara tuwon da miyar, na koma gefe na tsuguna ina kallonsa. Ya cinye tas. Ya goge baki a ƙasa, ya karkaɗe fuka-fuki, ya yi cara, ya tashi fir ya hau danga, ya dira gidan Haruna. Bai dawo ba sai da rana ta faɗi.

Washegari na sake ba shi, ya sake tafiya. Na ce shi ke nan, magana ta fito. Abin da ya ja zakara haka, ni aka yi wa shi, Allah ne Ya kiyaye.

Na ɗauki gatari na shiga daji, na saro ƙayar magarya da ta sarƙaƙiya. Na toshe kafar danga, na kuma kewaye ɗoɗɗoyar da ƙaya har sai da ni kaina da ƙyar nake miƙa buta. Ciyayya kuwa na daina fita. Haruna ya yi sallama ya kawo akushi har zaure, na ce ciwon cikin ne, an hana ni cin abincin wani gida. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Allah Ya sawwaƙe," ya juya.

Sai na shiga girki da kaina, a ɓoye, don kada a ji namiji yana tuƙa tuwo. Kayan miya dai ga su nan Asabe ta bar mini. Na tsinko kuɓewa wadda ta riga ta ƙosa ta yi ƙarfi kamar itace, na yanka ta manya-manya. Yakuwa na zuba ban san ana rage mata tsami ba. Barkono kuwa na ɗebo cike da hannu, saboda na ga yana da yawa. Tuwon ya fito rabi gari rabi gudaji, miyar ga tsami ga yaji, ruwa a gefe kuɓewa a gefe. Ina ci hawaye na zuba, ban san ko na barkono ne ko na wani abu ba. Na ba zakara ragowar, ya duba, ya zagaya ta, ya haura danga. (Ko wannan bai sa na yi tunani ba. Cewa na yi maganin ya riga ya kama shi.)

Abu ɗaya ya faranta mini rai. Tun da na sa ƙaya, ɗoɗɗoyar ta miƙe, ta fitar da dogayen kawuna, ta yi fure ƙanana farare, ƙudan zuma suna ta zuwa. Na ce ka gani, da aka bar ta ta huta ga ta nan ta yi kyau. Amma ba a daɗe ba sai ganyen ya fara ƙanƙancewa. Na ƙasa ya yi rawaya ya zube, karan ya yi tauri, ƙamshin ya ragu. Na ƙara ruwa, na zuba taki, ba ta farfaɗo ba. Na ce wato da aka hana su da hannu, sai suka koma yi mata da ido.

Ana cikin haka matar Haruna ta haihu. Ranar suna ba yadda zan yi in ƙi fita, ga shi danga ɗaya. Da sassafe maza suka cika ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro. Ɗanjuma yana gefe da zabirarsa yana jiran a kira shi askin jariri. An yanka rago ana feɗewa, sai Haruna ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali, amma dai na kusa sun ji.

"Ɗan'uwa, Iya ta ce a roƙe ka ka ɗan janye ƙayar nan. Tana son ɗoɗɗoya ta sa wa mai jego a farfesun kayan ciki. Ta ce kwana biyu ba ta samu shiga ba."

Ni da na yi makonni ina cin gudaji ina haɗiye magana, sai kawai na ji na miƙe tsaye.

"Ashe ka sani!" na ce. "Ashe da saninka ake yi!"

Liman ya ce, "Subhanallahi, lafiya?"

"Ba lafiya ba, Allah gafarta Malam. Ana shiga gidana in na tafi gona, ana tsinke shukar iyalina, ana haɗa mini a abinci don a juya mini hankali a kan Delu. Ni ban ce ina neman aure ba!"

Haruna ya saki baki. Wani dattijo ya ce, "Kai, yaro, wannan magana babba ce. Kana da shaida?"

"Ina da ita."

"Wane ne?"

"Zakarana."

Na ji wani ya ƙware da goro. Amma na riga na fara, sai na ci gaba. Na bayyana musu dalla-dalla yadda na ba shi tuwon, yadda ya ci, yadda ya haura danga, yadda ba ya dawowa sai yamma. Har da nuna yadda ya karkaɗe fuka-fuki na yi, da hannuwana, a gaban liman.

Liman ya shafa gemu. Ya ce, "Tsaya in tambaye ka. A gidanka akwai kaza?"

"Babu, Malam. An kwashe su."

"A gidan Haruna fa?"

Wani ya amsa daga baya, "Sun fi a ƙirga!"

"To, zakara ya zauna a gidanka ya yi me? Ya taya ka gwauranci?"

Dariyar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta har bakin rafi. Mai feɗe rago ya ajiye wuƙa ya riƙe ciki. Na waiwaya wurin Ɗanjuma don ya kama mini, sai na ga ya duƙufa yana wasa aska.

"Ɗanjuma, ba kai ka ce..."

"Ni? Ai cewa na yi ban ce komai ba. Har sau biyu na faɗa."

Haruna kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ce, "Abincin gidana kake ba zakara?" Wannan ta fi dariyar zafi.

Sai ga Iya Tabawa ta fito daga zaure, ta yafa zane, muciya a hannunta. Tsohuwa ce, ba ta jin nauyin taron maza. Ta gaida liman, sannan ta juyo kaina.

"Kai, ɗan nan, ni ce ɓarauniyar. Sawun da ka gani nawa ne. To, ga ni. Ni ce nake son ka aure ni?"

Aka sake fashewa. Daga cikin zaure muryar Delu ta fito: "Iya, ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, bayan girbi Bebeji za a kai ni, an riga an sa rana. Kuma ya gaida mini da zakara!"

Wato lallen da kallabin duk na mutumin Bebeji ne. Kowa a unguwa ya sani, ban da ni da nake bayan ƙaya.

Iya ta ɗaga muciya, aka yi shiru. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Ranar da jikin yarinyar nan Asabe ya yi tsanani, ina zaune a kanta, ta kama hannuna. Ba ta kama sunanka ba, ka san ta da kunya. Ta ce, 'Iya, shi ba ya iya cin miya in babu ɗoɗɗoya, kuma bai san haka ba. Ki riƙa sa masa. Ki kuma riƙa tsinke mata kai kafin ta yi fure, in ta yi fure ta gama. Shi ruwa kawai zai iya zuba mata.' Amanar da na ɗauka ke nan."

Babu wanda ya yi dariya. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Da ƙyar na ce, "Iya, me ya hana ki gaya mini?"

"Ka taɓa bari a ambace ta a gabanka? Da an fara sai ka tashi."

Na durƙusa a gabanta, na durƙusa wa Haruna, na ce a yafe mini. Liman ya sa baki. Haruna ya ce, "Tashi, ka ɓata mini tuwo da yawa, sai ka biya da noma." Daga nan na zame na shige gida, na kama janye ƙaya da hannu, ban ko nemi sanda ba.

Da hantsi Iya ta sunkuyo ta kafar danga. Ta tsaya a kan ɗoɗɗoyar ta daɗe tana kallo. Kawunan sun bushe sun yi ja-ja, ganyen da ya rage bai kai cikin hannu ba.

"Za ta tashi?" na ce.

"Wannan kam ta gama. Ka tsare ta da kyau."

Na zauna a bakin randa. Duk dariyar da aka yi mini da safe ba ta kai wannan ba. Asabe ta bar shukarta a hannun wanda ya iya, ni na zo na kore shi.

Iya ta miƙa hannu ta zage busassun kawunan, ta murza a tafinta, ta hure ƙaiƙayin. Ta ce, "Buɗe hannunka." Ta zuba mini wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, ƙanana ƙwarai.

"Irin da ta zo da shi daga Dangora ke nan. Watsa rabi a nan inda ruwa ke ɗiga, kada ka binne da zurfi. Rabi ka ƙulle ka ajiye. In sun fito zan nuna maka inda ake tsinkewa. Kuma yau ka fito ciyayya, na gaji da jin ƙaurin tuwonka ta danga."

Ashe shi ma girkin ba a ɓoye yake ba.

Tsohuwar shukar ta bushe, na cire ta da hannuna. Kafin a gama girbi sababbi suka tsiro a gindin randa, suka yi ganye. Zakaran kuwa shi na bayar gudummawar bikin Delu, aka yi farfesunsa da ganyen farko da na tsinka da farcena. Haruna ya turo mini ƙwaryar ya ce, "Ci, shaidarka ce." Har na yi furfura, in na bi ta gindin tsamiya sai wani ya yi mini cara.

Yanzu duk inda na zauna akwai ɗoɗɗoya a gindin randata, kuma daga irin nan take. Ina tsinke mata kai a kan kari, duk maƙwabcin da ya miƙo hannu in ba shi. Na daɗe ina mamakin yadda mace ta san abin da bakina yake so, ni mai bakin ban sani ba.

Abin da na koya bai da yawa. Idan na ga sawu a tsakar gidana, tsohuwar da ke bayan danga nake fara tambaya. Zakara kuwa, tun daga ranar ban sake neman shawararsa ba.